Bunƙasar Mulkin Mallaka na Turawan Ingila da Hanyoyin da Aka Bi Wajen Gudanar da Shi

1.0 Gabatarwa

A yawancin makarantunmu, idan aka zo koyar da tarihin mulkin mallaka akan fara ne daga shekarar 1900, lokacin da aka ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, ko kuma daga 1903, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Turawa. Daga nan sai a shiga bayanin mulki ta hannun sarakuna, a nuna wa ɗalibi cewa wata hikima ce da Gwamna Lugga ya ƙago domin ya tarar da tsarin sarauta mai ƙarfi, ya ga ya cancanci a girmama shi. Wannan bayani yana da ƙamshin gaskiya, amma ya ɗauko labarin daga tsakiya. Kafin Turawan Ingila su iso ƙasar Hausa sun riga sun yi kusan shekara 300 suna mallakar ƙasashe a Amurka da Asiya da tsibiran teku, sun gwada hanyoyin mulki iri-iri, wasu suka yi musu rana, wasu kuma suka jawo musu hasara.

A wannan takarda za mu bi diddigin yadda wannan mulki ya bunƙasa da yadda aka gudanar da shi. Za mu yi ƙoƙarin nuna abubuwa biyu da suka yi ta maimaita kansu. Na farko, a wurare da yawa 'yan kasuwa ne suke yin gaba, gwamnati ta biyo sawu. Na biyu, akwai ƙa'idar da baitulmalin Ingila ya riƙe da ƙarfi, watau kowace ƙasa da aka mallaka ita za ta biya kuɗin mulkin da ake yi mata. Muna ganin idan aka fahimci waɗannan biyu, za a fi gane dalilin da ya sa mulkin Turawa ya zo mana da irin kamannin da muka sani.

2.0 Zamanin Kamfanoni

A ƙarshen shekarar 1600 Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta ba wasu attajiran Landan takardar izini su kafa Kamfanin Indiya ta Gabas, ta kuma keɓe musu cinikin ƙasashen gabas su kaɗai. A 1606 aka ba Kamfanin Virginia irin wannan takarda, shi ne ya kafa garin Jamestown a gaɓar Amurka a 1607. Daga baya aka sami Kamfanin Hudson's Bay a 1670, da Kamfanin Royal African a 1672, wanda babbar sana'arsa ita ce jigilar bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma.

Wannan tsari ya yi wa sarautar Ingila daɗi ƙwarai. Jarin na 'yan kasuwa ne, haɗarin teku da na yaƙi su ke ɗauka, in an sami riba kuwa sarauta tana da kuɗin fito. Domin kada ribar ta sulale zuwa hannun wasu, musamman mutanen Holan, sai aka kafa doka a 1651 wadda ta tilasta a riƙa ɗaukar kayan ƙasashen da aka mallaka a cikin jiragen ruwan Ingila.

A ƙarni na 17 da na 18 dukiyar ta fi fitowa daga tsibiran yankin Karebiyan. An mamaye Barbados a 1627, aka ƙwace Jamaika daga hannun Sifaniyawa a 1655, aka mayar da su gonakin rake. Ƙarfin da ya noma raken nan na 'yan Afirka ne, domin jiragen Ingila sun ɗebi bayi fiye da miliyan 3 daga Afirka kafin a haramta cinikin a 1807. Da aka zo soke bautar kanta da dokar 1833, gwamnati ta ware fam miliyan 20 domin biyan diyya. Masu bayin aka ba kuɗin, bayin ba su sami ko anini ba.

3.0 Indiya: Daga Ciniki Zuwa Karɓar Haraji

Shekara fiye da ɗari Kamfanin Indiya ta Gabas yana zaune a bakin teku da izinin sarakunan ƙasa, yana sayen tufafi da kayan yaji a wurare kamar Surat da Madras da Bombay da Kalkata. Al'amarin ya sake ne da daular Mughal ta yi rauni, ga kuma gasa da Faransawa. A 1757 Robert Clive ya ci sarkin Bengal Sirajud Daula da yaƙi a Plassey, bayan ya haɗa baki da babban kwamandan sarkin, Mir Jafar. A 1765 kuma sarkin Mughal Shah Alam na Biyu ya miƙa wa kamfanin ikon karɓar harajin Bengal da Bihar da Orissa.

Nan ne mahaɗar tarihin take. Daga wannan shekara kamfanin ya sami damar sayen tufafin Indiya da harajin mutanen Indiya, ya kuma ɗauki 'yan Indiya soja yana biyan su da wannan harajin, yana cin sauran ƙasar da su. A farkon ƙarni na 19 sojojinsa sun haura 200,000, mafi yawansu 'yan ƙasa. Talakan da aka ci da yaƙi shi ne ya biya kuɗin cin maƙwabcinsa.

Ba a daɗe ba illar ba 'yan kasuwa mulki ta bayyana. A 1770 yunwa ta kashe miliyoyin mutane a Bengal, ba a kuwa fasa karɓar haraji ba. Ma'aikatan kamfani suna komawa gida da dukiya mai ɗimbin yawa, alhali shi kansa kamfanin ya kusa karyewa har ya nemi rance daga gwamnati. Wannan ya sa Majalisar Dokokin Ingila ta sa baki. Dokar 1773 ta kafa muƙamin Gwamna-Janar, wanda Warren Hastings ya fara riƙewa, dokar 1784 kuma ta kafa hukuma a Landan mai sa ido a kan harkokin siyasar kamfanin. A 1833 aka hana shi ciniki ɗungurungum, ya zama ba shi da aiki sai mulki.

4.0 Darasin Amurka da Turawa 'Yan Kaka-gida

A inda Turawan Ingila suka yi ƙaura suka zauna da iyalansu, tarihin ya bi wata hanya dabam. Tun 1619 mazauna Virginia suke da majalisarsu ta zaɓaɓɓu, sauran yankunan ma suka yi koyi. Bayan yaƙin shekara bakwai da aka gama a 1763, Ingila ta karɓe Kanada daga Faransa, amma ta fito da bashi mai nauyi. Sai ta nemi mazauna Amurka su taimaka wajen biyan sojojin da ke tsare su, ta ɗora musu harajin hatimi a 1765. Suka ƙi, suna masu cewa majalisar da ba su da wakili a cikinta ba ta da ikon aza musu haraji. Rikicin ya kai ga yankuna 13 suka yi shelar 'yancin kai a 1776, Ingila ta sallama a 1783.

Ingila ta ɗauki darasi daga wannan hasara. Da aka yi tawaye a Kanada a 1837, sai aka tura Lord Durham ya bincika, rahotonsa na 1839 ya ba da shawara a bar 'yan kaka-gida su riƙa tafiyar da al'amuransu na cikin gida ta hannun ministocin da majalisarsu ta amince da su. A kan wannan turba Kanada ta zama tarayya a 1867, Ostireliya a 1901, Afirka ta Kudu a 1910, har dokar Westminster ta 1931 ta tabbatar musu da cikakken ikon yin doka.

Sai dai mu lura da waɗanda aka ba wannan 'yanci. A Afirka ta Kudu, inda baƙar fata suka fi yawa nesa ba kusa ba, Turawa kaɗai aka yarda su zauna a majalisa, kuma a 1913 majalisar ta yi dokar da ta taƙaita wa baƙar fata mallakar ƙasa a kusan kashi 7 cikin ɗari na faɗin ƙasar. Hujjar da mazauna Amurka suka kafa, cewa babu haraji sai da wakilci, ba a ga ta shafi manomin Bengal ko na Kano ba. Da ma Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa.

5.0 Mulkin Gwamna Kai Tsaye

A ƙasashen da yawancin mazauna ba Turawa ba ne, an fi amfani da mulkin gwamna kai tsaye. Gwamna shi ne wuƙa shi ne nama. Yana da majalisar zartarwa ta manyan ma'aikatansa, da majalisar dokoki wadda ma'aikatan gwamnati suka fi rinjaye a cikinta, saboda haka ba ta iya kayar da abin da ya kawo. Shi kuma yana amsa umarni daga Sakataren Ƙasashen Mallaka a Landan, wanda ofishinsa ya tsaya da ƙafarsa a 1854.

Labarin Jamaika ya nuna yadda launin fata yake shiga cikin zaɓen tsarin mulki. Tsibirin yana da majalisar zaɓaɓɓu tun ƙarni na 17, a hannun masu gonakin rake. Bayan 'yanta bayi, sai masu gonakin suka fara fargabar ranar da baƙar fata za su yi rinjaye a wurin zaɓe. A 1865 talakawa suka yi bore a Morant Bay a ƙarƙashin Paul Bogle, Gwamna Eyre ya murƙushe su, aka kashe mutum fiye da 400. Nan take majalisar ta amince a rushe ta, a 1866 aka koma mulkin gwamna kai tsaye. Watau a daidai lokacin da ake ƙara wa Kanada iko, a lokacin ne aka janye shi daga Jamaika.

Ya kamata kuma mu sani cewa ba ofishi ɗaya ne yake riƙe da daular duka ba. Indiya tana da ofishinta da sakatarenta tun 1858. Masar, wadda aka mamaye a 1882, da Sudan bayan 1899, suna ƙarƙashin Ofishin Harkokin Waje. Abin da ya haɗa su duka shi ne idon baitulmali, wanda ba ya son jin an ce a aika da kuɗin mai biyan haraji na Ingila zuwa wata ƙasa.

6.0 Razdan a Fadar Sarki

Yanzu mun zo kan tsarin da ya fi shafar mu. A 1798 Gwamna-Janar Wellesley ya ƙulla yarjejeniya da Nizam na Haidarabad. Sarkin zai ci gaba da zama a gadonsa, amma zai sallami hafsoshin Faransa da ke cikin rundunarsa, ya karɓi sojojin kamfani, ya ɗauki nauyin biyan su, ga kuma wakilin Turawa zaune a fadarsa. Wannan wakili shi ne Razdan, kalmar da ta shigo Hausa bayan shekara ɗari. An yi irin wannan yarjejeniya da sarakuna da yawa na Indiya.

A tsakiyar ƙarni na 19 Gwamna-Janar Dalhousie ya sake salo, ya shiga haɗiye masarautu, musamman waɗanda sarkinsu ya mutu bai bar ɗan cikinsa ba. A 1856 aka tuɓe sarkin Awadh aka karɓe ƙasarsa. Shekara ɗaya bayan haka, a watan Mayu na 1857, sojoji 'yan ƙasa suka yi tawaye a Meerut, wutar ta bazu a arewacin Indiya, Awadh kuwa tana cikin wuraren da ta fi ruruwa. Turawa sun lura cewa yawancin sarakunan da aka bari a kan gadonsu ba su shiga tawayen ba, wasu ma sun taimaka wajen kashe shi.

Saboda haka a 1858, da aka karɓe mulki daga hannun kamfani aka mayar da shi ga Sarauniya Victoria, sai aka yi shela cewa za a mutunta yarjejeniyoyin da aka yi da sarakuna, ba za a kuma tsoma baki cikin addinin jama'a ba. Masarautu fiye da 500 suka wanzu har 1947, suna riƙe da kusan kashi biyu cikin biyar na faɗin ƙasar. Amma ga talaka tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Kuɗin da aka kashe wajen murƙushe tawayen an ɗora shi a kan bashin Indiya, sojan da harajinsa ke biya kuma aka riƙa kai su yaƙi Habasha da Masar da Sin. Manyan jami'an mulki kusan 1,000 ne suke riƙe da ƙasa mai mutum wajen miliyan 300 a farkon ƙarni na 20.

Daga Indiya tsarin ya ƙetara. A yarjejeniyar Pangkor ta 1874 sarkin Perak a ƙasar Malaya ya karɓi Razdan wanda dole a nemi shawararsa, a kuma yi aiki da ita, a kan kome ban da addini da al'ada. A tsibiran Fiji, waɗanda aka karɓa a wannan shekarar, Gwamna Arthur Gordon ya yi mulki ta hannun shugabannin gargajiya. A Uganda ma an yi yarjejeniya da masarautar Buganda a 1900.

7.0 Afirka da Arewacin Nijeriya

Da gasar rabon Afirka ta yi zafi bayan taron Berlin na 1884 zuwa 1885, Ingila ta koma ga tsohuwar dabararta ta kamfanoni. An ba Kamfanin Royal Niger na George Goldie takardar izini a 1886, Kamfanin Afirka ta Gabas a 1888, na Cecil Rhodes a kudancin Afirka a 1889. Kamar yadda ya faru a Indiya, da nauyin yaƙi da gasar Faransa suka fi ƙarfin kamfani, sai gwamnati ta karɓa. An soke takardar Kamfanin Royal Niger a ƙarshen 1899, aka biya shi fam 865,000, aka kuma ba shi rabin kuɗin da gwamnati za ta samu daga ma'adinai a wani babban yanki na Arewa.

Mutumin da aka ɗora a kan Arewa ranar 1 ga Janairu 1900, Frederick Lugard, wanda Hausawa suka fi sani da Gwamna Lugga, ɗan wannan tarihi ne. A Madras aka haife shi a 1858, ya yi aikin soja a Afganistan da Sudan da Bama, ya yi wa Kamfanin Afirka ta Gabas aiki a Uganda, sa'an nan ya yi wa Goldie aiki a Bargu a 1894. Rundunar da ta ci Kano a watan Fabrairu na 1903 ba ta kai mutum dubu ba, kuma in ban da hafsoshi 'yan Afirka ne, da yawansu Hausawa. Bayan cin Sakkwato a watan Maris, Lugga ya bayyana wa manyan gari cewa ikon naɗa sarki da tuɓe shi da aza haraji ya koma hannun Turawa saboda sun ci ƙasa da yaƙi, ya kuma yi alkawarin ba za a taɓa addini ba. Duk wanda ya san shelar 1858 ta Indiya zai gane inda wannan alkawari ya samo asali.

Lugga ba shi da isassun ma'aikata, ba shi da kuɗi, Arewa kuma ba ta da tashar jirgin ruwa da za a karɓi kuɗin fito. Abin da ya tarar shi ne sarakuna da hakimai da alƙalai da tsarin haraji da jama'a suka saba da shi. Sai aka riƙe su, amma aka sake musu fasali. An fitar da hakimai daga birni aka zaunar da kowa a gundumarsa. An dunƙule kuɗin ƙasa iri-iri ya zama haraji da jangali, ana biya da kuɗin Turawa, abin da ya tura manomi ga noman gyaɗa da auduga bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. An kafa baitulmalin En'e, wanda aka fara gwadawa a Katsina a zamanin Razdan Palmer, aka yanka wa sarki albashi, da farko kuma rabin harajin yana tafiya ga gwamnati. Sarkin da ya ƙi tafiya da zamani akan sauke shi, kamar yadda aka tuɓe Sarkin Katsina Yero a 1906 aka ɗora Durɓi Muhammadu Dikko.

Duk da haka kuɗin Arewa bai isa ba, sai da tallafi daga baitulmalin Ingila kowace shekara. Ɗaya daga cikin manyan dalilan haɗe Arewa da Kudu a 1914 shi ne a yi amfani da rarar kuɗin fito na Kudu a sauke wa Ingila wannan nauyi. Da aka kai tsarin ƙasar Ibo kuwa, inda ba a saba da manyan sarakuna ba, sai aka ƙago sarakunan takarda, aka aza haraji, har mata suka yi bore a 1929, aka harbe fiye da 50 daga cikinsu. Ta fuskar wakilci, majalisar dokokin da aka kafa a Ikko a 1922 kujeru 4 kawai take da su na zaɓe, ba ta kuma yi wa Arewa doka. Sai a 1947 wakilan Arewa suka zauna majalisa ɗaya da na Kudu.

8.0 Kammalawa

Ba mu ce kuɗi kaɗai ne ya tuƙa wannan daula ba. Akwai gasa tsakanin ƙasashen Turai, da masu wa'azin Kirista, da masu yaƙi da cinikin bayi, da kuma girman kan da ya sa Bature ya ɗauki kansa sama da kowa. Haka nan ba mu ce sarakuna sun zama raƙumi da akala a kowane hali ba, domin akwai waɗanda suka yi amfani da ɗan ikon da ya rage musu suka kare shari'a da mutuncin jama'arsu, akwai kuma irin su Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya da ya zaɓi hijira har ya rasu a fagen fama a Burmi a 1903.

Abin da muka yi ƙoƙarin nunawa shi ne, daular da bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta mamaye kusan rubu'in doron ƙasa an gina ta ne a kan neman riba da gudun kashe kuɗi. Sai a 1929 aka fara dokar ware kuɗi domin raya ƙasashen mallaka, fam miliyan 1 a shekara ga dukkansu, aka ƙara a 1940 da 1945, lokacin da daular ta riga ta doshi faɗuwa. Indiya ta sami 'yanci a 1947, Nijeriya a 1960, aka miƙa Hong Kong ga Sin a 1997. Wannan ƙa'ida ta kowa ya ɗauki nauyin kansa tana cikin dalilan da suka sa ƙasashe da yawa suka karɓi mulkin kai da ƙarancin makarantu da asibitoci da ƙwararrun ma'aikata.

Shawararmu ga malamai 'yan'uwanmu, musamman masu horar da malaman makaranta, ita ce a daina koyar da mulki ta hannun sarakuna kamar wani abu da ya tsiro a Arewacin Nijeriya shi kaɗai. A ajiye Kano kusa da Haidarabad da Perak da Buganda, ɗalibi ya kwatanta da kansa, ya tambayi wa ya biya kuɗin mulkin, wa kuma aka ba bakin magana. Haka kuma akwai buƙatar masu bincike su koma ga littattafan baitulmalin En'e da takardun haraji na gundumomi da ke ajiye a gidan adana takardun tarihi na Kaduna, domin a cikinsu ne za a ga nawa aka karɓa daga hannun talaka, nawa kuma ya komo masa.